Haka Ake Magana a Gidanku?

Duk wanda ya taɓa shiga keke ɗaya da Goggo Dudu ya san ba ta wuce rubutu ta yi shiru. Allon shago, bayan mota, bangon makaranta, komai sai ta karanta shi da ƙarfi, kuma da muryar da ta dace da shi. In tallan magani ne ta yi muryar mai talla. In "Ba a fitsari a nan" ne ta ɗaure fuska ta faɗe shi da tsawa, har wani fasinja ya taɓa zabura ya ce, "Wallahi Hajiya ba ni ba ne!"

Ni na fi kowa shan wannan wahala, don ni ne direbanta na dole. Ƙanwar mahaifina ce, a gidanta na unguwar Malam Inna na tashi, kuma keke mai ƙafa uku nake ja a cikin Gombe. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana" take ce mini ko da faɗa ne zai biyo baya, kuma yawanci yana biyowa.

Wata rana a unguwar Nasarawo ina ta sauri, sai ta taɓo ni. "Babana, rage gudu. Karanta mini wancan."

Na kalli allon da gefen ido na ce, "Ana sayar da gari." Na faɗi kalmar ƙarshe a gajarce, irin garin da mutane suke zaune a ciki.

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wa ya saya? Har da Tumfure, ko ita an bar mana?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ni kuwa haushi ya kama ni.

"Ba ka ga injin niƙa a gefen ba? Garin masara ne, Babana! Rubutun ɗaya ne. Sai idonka ya riga bakinka isa kafin ka san wanne ake nufi."

A firamare ta koyar har ta yi ritaya, amma ritayar a takarda ta tsaya. Kullum bayan la'asar tsakar gidanmu cike yake da yaran unguwa. Abin mamaki, ba ta da rigima da yaron da bai san baƙi ba, wannan lallaɓa shi take yi. Abokin faɗanta shi ne wanda ya san baƙaƙe sarai amma yake tsintar su ɗaya-ɗaya kamar kaza a kan tsaba. Da yaro ya fara "ka-za ta shi-ga", sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Haka ake magana a gidanku? In ka koma gida cewa kake yi, In-na, ba-ni tu-wo? Da yunwa ta kashe ka tun tuni! Karatu magana ce aka kwantar a takarda. Tashe ta!"

Kuma ba ta yarda yaro ya bi layi da yatsa ba. Maganin da ta samo shi ne ta damƙa wa kowa gyaɗa a hannun dama, ya dunƙule har a tashi. Kada ku ɗauka kyauta ce. Ana tashi take karɓe abarta ta mayar cikin gwangwani. Ni dai na rantse gyaɗar nan ta girmi wasu daga cikin yaran.

To, a shekarun nan da hankalin kowa ya tashi, mutane suka yi ta kwararowa Gombe daga Borno da Yobe, wasu da kayansu, wasu da kayan jikinsu kawai. Lokacin ne wata mata mai suna Yagana ta sauka a wani kangon gida a bayan layinmu, da goyo a baya da 'yarta Falmata, wadda ta fara tasawa. Yagana ta kama suyar awara a bakin layi. Falmata kuwa aka kai ta makarantar unguwa, aka miƙa mata littafi, ta yi ta tsintar baƙi cikin raɗa, sai aka ajiye ta ajin ƙananan yara waɗanda ba su kai mata kafaɗa ba. Suka yi ta yi mata dariya, suna kwaikwayon Hausarta. Ta dawo gida ta ce ta gama da makaranta.

Goggo ta ji labari, ta yafa mayafi, ba ta zame ko'ina ba sai wajen kaskon awara.

Yagana ta ce, "Malama, ni ban hana ta ba. Amma yarinyar nan ta ga abin da ya ishe ta. In dariya za a ci gaba da yi mata, gara ta zauna ta taya ni suya."

"Ba ni ita hutun nan kawai," in ji Goggo. "In an koma, hedimasta zai saurare ta. In ta yi karatu, ya sa ta ajin sa'o'inta. In ba ta yi ba, ni da kaina zan zo in riƙe muku mataci."

Haka aka yi da Yagana, haka aka yi da hedimasta, wanda ba ya iya yi wa Goggo musu don ita ta koyar da shi. Goggo ta dawo tana cewa, "Na san shi tun yana majina. Kunnensa ɗaya na ado ne, sai an ɗaga murya." A nan gizo yake saƙar, don ni tunda Falmata ta fara zuwa gidanmu ban taɓa jin muryarta ta wuce tabarmar da take zaune a kai ba.

Littafi kuwa, Goggo ba ta saya. Ta ce na kasuwa labarin 'ya'yan da suke cin abinci da cokali mai yatsu ne, yaranta ba su san su ba. Ita take rubuta nata, da manyan baƙaƙe, a kan takardar buhun siminti. Ina ake samun buhun siminti? Tumfure, inda ake ta gine-gine a tsakiyar gonaki. Wa zai kai ta? Babana mana! Ranar da ya kamata in yi lodin fasinja, sai ka gan ni ina bin magina ina roƙon buhun da suka yar, na dawo fari fat kamar an tono ni. In na yi ƙorafi ta ce, "Lada kake samu." Na ce mata gidan mai ba sa karɓar lada. Ta ce ai ban taɓa gwadawa ba.

A irin wannan tafiya ce wata rana ta ɗauko Falmata, wai ta sha iska ta ga alluna. A dawowa muka iso shingen da samarin sintiri suka kafa a bakin wata unguwa, irin na lokacin, tayoyi da buhunan yashi da katako an rubuta gargaɗi da fenti. Goggo ta ce, "Falmata, me aka ce a can?"

Yarinyar ta duba. Cikin raɗa ta ce, "A tsa-ya... a ka-she."

Na hango ta a madubi ta ƙanƙame mayafin Goggo. Na duba allon, wallahi abin da ke jiki ke nan: A TSAYA A KASHE.

Goggo ba ta jira na gama tsayawa ba ta diro. Ta nufi wani saurayi mai gora a hannu, wanda ya sha baƙin tabarau yana hura hanci.

"Kai, ɗan nan! Ku ne masu kashewar, ko sai an jira wasu?"

"Hajiya, wace irin magana ce wannan?"

"Ni ma ita nake tambaya. Karanta!"

Ya karanta, ya daburce, ya sunkuya ya janye wani buhun yashi da ya rufe ƙasan katakon. Sai ga layi na biyu ya fito: INJI. A tsaya a kashe inji.

"To ɗaga shi sama! A wannan zamani za ku bar rabin magana a bakin hanya? Ɗaga, na ce!"

Saurayin nan, da gorarsa da tabaransa, ya tsaya riƙe da katako a sama kamar ɗan makarantar da aka sa horo, motoci suna ta hon a bayanmu. Goggo ta dawo ta zauna, ta kamo hannun Falmata. "Kin gani? Ba inda layi ya ƙare ake tsayawa ba, inda magana ta ƙare. In kin ga magana ta yi muni, leƙa gaba tukuna. Sake karantawa."

Falmata ta karanta shi a haɗe, ta dubi saurayin, sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ranar na fara ganin haƙoranta.

Yadda Goggo take koyarwa ba wani abin ɓoye ba ne. Ta karanta layi, yaro ya maimaita yadda ta faɗa. Su karanta tare. Sannan ta tura shi bayan ɗaki ya karanta wa Sufeto. Sufeto akuya ce, ja, mai ƙaho ɗaya a karye, wadda take ɗaure kusa da katangar da ta raba mu da layi. Labari ɗaya yaro zai yi ta karanta mata, yau, gobe, jibi, har sai ya zauna masa a baki.

Na ce, "Goggo, don Allah mutane suna magana. Akuya?"

"Ka taɓa ganin ta yi wa yaro dariya?"

"A'a."

"Ka taɓa ganin ta katse shi ta ce ba haka ba ne?"

"A'a."

"To ta fi rabin malaman da na yi aiki da su."

Sai dai Sufeto tana da nata ra'ayin. Wata rana wani yaro ya matsa kusa da yawa, ta fizge labarin ta cinye shi tas, da simintin da komai. Yaron ya zo yana kuka. Goggo ta ce, "Share hawayenka. Wannan labarin ya ci jarrabawa, Sufeto ta amince da shi." Da Babbar Salla ta matso na kawo shawarar a yanka ta, Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce in an fara yanka ma'aikatan gidan nan, da marasa amfani za a fara. Ban sake tayar da zancen ba.

Falmata da Sufeto kuwa jininsu ya haɗu. Kafin hutu ya yi nisa, tsintar baƙi ta ragu, kalmomi suka fara riƙe hannun juna. In ka matsa kusa ka kasa kunne, za ka ji karatu yana tafiya sumul, tana tsayawa inda ya kamata, tana jan wasali inda ake ja. Amma sai ka matsa kusa ɗin. Daga taku kaɗan, bakinta kawai za ka ga yana motsi. Goggo ta yi lallashi, ta yi barkwanci, ta koma can bakin zaure ta ce ita kurma ce, duk a banza. Ga komawa makaranta ta ƙarato. Na ga abin ya dami Goggo ƙwarai, har ta wuce alluna a hanya ba ta karanta ba, ni kuma maimakon in ji daɗi sai na ji ba daɗi.

Sai ta zauna ta rubuta sabon labari, wanda ta ce ba mahalukin da zai iya karanta shi da raɗa. Labarin wata mata ce da ta je gonarta ta tarar awakin maƙwabta sun ɓalle sun afka wa wakenta. Goggo ta karanta mata shi, suka karanta tare, ta ce, "Ke ce mai gonar. Wakenki ne. Duk damina kika yi kina wahala. Je ki gaya wa Sufeto, ai danginta ne suka yi ɓarnar."

Ku tuna yadda garin yake a lokacin. Tayar mota ta fashe, sai kasuwa ta watse. Yaro ya buga ƙofar langa-langa da ƙarfi, sai ka ga manya suna leƙe. Ranar kuwa da yamma ce, layinmu cike da mata masu ɗibar ruwa da masu sayen awara, ni kuma ina kishingiɗe a cikin kekena a ƙofar gida ina gyangyaɗi. Kwatsam sai wata murya ta tsaga unguwar daga bayan katanga, murya mai kaifi da ban taɓa ji ba:

"Wayyo Allah! Ga su nan! Sun shigo! Jama'a ku fito, sun shigo!"

Jama'a, kada Allah Ya maimaita mana. Bokitai suka tashi sama. Mai shayi ya tsallake teburinsa. Wani tela ya fito da gudu da awo a wuya. Ni dai ban san lokacin da na tayar da keke ba. Na farga ne a hanyar Nasarawo, keken cike maƙil da mutanen da ban san sa'ad da suka hau ba, har da wani tsoho riƙe da buta, hannu ɗaya a jiƙe, yana cewa, "Taka, yaro, taka!" Sai da muka yi nisa wani ya tambaya, "Wai su wa suka shigo?" Aka dubi juna. Ba wanda ya sani.

Da muka lallaɓo muka dawo, mun tarar da rabin unguwa a ƙofar gidanmu, mai unguwa a gaba, hularsa a karkace. Goggo tana zaune a kan tabarmarta, fuskar nan kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Falmata tana bayanta a ɓoye da takardar siminti a hannu.

Mai unguwa ya ce, "Malama, yanzu abin da kika yi ya dace? A wannan hali da ake ciki?"

"Ranka ya daɗe, ka ji ta daga ina?"

"Daga ƙofar gidana!"

"Alhamdulillahi! Har can? To hedimasta zai ji."

Wata mata ta ce, "Goggo, tuwona na bari a wuta, ya ƙone ƙurmus!"

"Da kun tsaya kun ji layi na gaba, ai awaki ne. Kullum ina faɗa, a riƙa jira magana ta ƙare."

Tsohon nan mai buta ya ce shi alwalarsa ce ta lalace, wa zai biya shi? Aka fara dariya, waɗanda suka fi kowa gudu suka fi kowa musun sun gudu. Ni ma na ce ai mai na je sha. Goggo ta ce, "Da mutane a kan rufin keke, Babana?"

Ana cikin haka sai ga Yagana. Ita ce ta ƙarshen dawowa. Ba takalmi a ƙafarta, ba ɗankwali, goyon yana ta kuka a bayanta, ƙafafunta duk ƙaya. Ashe ta bi masu gudu har cikin gonaki tana duba fuskar kowace yarinya, tana kiran Falmata. Dariyar ta mutu. Ta hango 'yarta, ta zo ta riƙe ta, ta shafa kanta, ta shafa kafaɗunta.

Wata ta ce mata, "Kwantar da hankalinki, ba kowa. 'Yarki ce take karatu."

Yagana ta girgiza kai. "Ba ita ba ce. Na ji muryar. Ba muryarta ba ce."

Goggo ta ce a hankali, "Falmata, ƙarasa wa innarki labarin. Daga inda aka kori awakin."

Yarinyar ta ɗaga takardar. Ta karanta yadda maƙwabta suka fito, aka kore awaki, aka gyara shinge, aka taya mai gona tsince waken da ya rage. Ta karanta shi da murya sosai, a gaban duk mutanen nan, ba gargada, kamar tana ba da labarin abin da ta gani da idonta. Yagana ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Tun ranar da muka baro gida ban ji ta ɗaga murya ba," in ji ta. "A daji na ce mata ta yi shiru kada a ji mu. Ta yi shirun. Ni kuma na manta ban ce mata ya isa ba."

Ni dai na juya na fuskanci bango, don ba na son a ga direba yana hawaye. Goggo Dudu, wadda ban taɓa jin ta ba wani haƙuri ba tunda nake, ta tashi daga tabarmarta, ta ɗebo ruwa a kwano, ta durƙusa ta kama cire wa Yagana ƙaya.

"Ki yafe mini, ƙanwata. Na yi tunanin bakin yarinyar, ban yi tunanin ƙafafunki ba."

Mai unguwa kuwa har ta koma ga Allah bai samu nasa ban-haƙurin ba. In sun haɗu cewa take yi, "Ranka ya daɗe, ya ƙafa?"

Da aka koma makaranta ni na kai su. Ina daga waje a cikin keke na jiyo karatun ta taga, na kuma jiyo hedimasta yana cewa, "A hankali, yarinya, a hankali, ina ji!" Aka sa ta ajin sa'o'inta a ranar. Ta gama firamare, ta wuce gaba, yanzu in kun gan ta tana ciniki a kasuwa sai ku tausaya wa mai kaya.

Goggo ta rasu cikin wata damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da mata suka taru za a yi mata wanka, Yagana ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita ba dangi ba ce, amma tana roƙon a bar ta ta zuba ruwa. Aka matsa mata ta shiga.

Ina kewarta, wallahi, har faɗan nake kewa. Allah Ya jiƙan Goggo Dudu, Ya yafe mata kurakuranta, Ya yalwata mata makwanci. Yadda ta kwance harshen 'ya'yan mutane, Allah Ya kwance nata ranar tambaya, ta amsa ba gargada. Amin.